Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu haɗa wa ƙananan yara kyautar biki

Zuwa ga shugabanni da mambobin ƙungiyoyin iyaye, kwamitocin makarantun reno, da ƙungiyoyin taimako masu tara kyaututtuka don raba wa yara a lokacin bukukuwa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, muna yaba muku ƙoƙarin da kuke yi. Mu masu wannan wasiƙa ma'aikatan jinya ne a ɓangaren yara, tare da malaman makarantun reno. Abin da ya sa muka rubuto muku shi ne yadda ake haɗa kyautar, ba yawanta ko tsadarta ba. A mafi yawan kwamitoci, ana sayo kaya ko a karɓi gudummawa, a zube su a tebur, a raba na maza da na mata, a naɗe, a rubuta suna. Tsakanin zubewa da naɗewa akwai aikin da ake tsallakewa: wani ya ɗauki kowane abu a hannunsa, ya jujjuya, ya ja, ya gwada. Roƙonmu ke nan, kuma za mu bayyana abin da mai dubawar zai nema.

Kafin a sayi komai, a gyara takardar da ake rubuta sunayen yara. Yawanci suna da shekaru kawai ake tambaya. A ƙara tambaya ɗaya: shekarun ƙaramin yaron da ke gidan nawa ne? Kyauta ba ta zama a hannun wanda aka ba. Yarinya 'yar shekara 7 za ta baje kayan haɗa sarƙarta a ƙasa, ƙaninta mai wata 10 yana rarrafe kusa da ita, kuma duk abin da hannunsa ya kama baki zai kai. Don haka shekarun auta ne ya kamata su yanke hukunci a kan abin da zai shiga gidan. In babu yadda za a yi sai an ba babban yaron abu mai ƙananan sassa, a haɗa masa da akwati mai murfi, a kuma faɗa wa uwar da baki.

Shekarun da aka rubuta a jikin kwali ma ana yi musu gurguwar fahimta. Iyaye da yawa suna ɗauka ma'aunin basira ne, sai su ce ai nasu yaron yana da wayo, ya fi shekarunsa. Alamar nan ta da'ira ja mai ɗauke da fuskar yaro da lambar 0–3, wadda aka ja wa layi a tsakiya, ba ruwanta da wayo. Tana nufin akwai abin da zai iya toshe wa yaro numfashi. Hanyar numfashin ɗan shekara 2 kusan kaurin ɗan yatsansa ce, tarinsa ba shi da ƙarfin da zai tunkuɗo abu, kuma wayonsa bai ƙara mata faɗi ba.

Masu gwada kayan wasa a Amurka da Turai suna amfani da wani ɗan bututu mai faɗin baki milimita 31.7, zurfinsa daga milimita 25 a gefe ɗaya zuwa 57 a ɗaya gefen. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne. Wanda bai da bututun sai ya yi amfani da kwalin tsakiyar takardar bayan gida. Ya ɗan fi bututun faɗi, wanda hakan ya ma fi, domin zai kama abubuwan da ke kan iyaka. Ƙwallo yana da nasa ma'aunin daban: in faɗinsa bai kai milimita 44.5 ba, a cire shi, saboda abu zagaye mai santsi yana toshe maƙogwaro ruf, ba ya barin ko kafar da iska za ta bi. Ƙwallayen gilas na wasa suna cikin wannan sahu.

Amma ba abin da ya zo ƙarami kaɗai ake dubawa ba, har da wanda zai zama ƙarami bayan yaro ya yi minti goma da shi. Idon 'yar tsana, hancinta, maɓallin rigarta, tayar ƙaramar mota, ɗan abin da ke ƙara a cikin roba idan an matsa. Ƙa'idar Turai mai suna EN 71 tana jan irin waɗannan sassa da ƙarfin da ya kai nauyin kusan kilo 9. Mai dubawa ya kama idon da yatsu ya ja da gaske, ya murɗa, kada ya ji tausayin kayan. Abin da ya fita a hannunsa da ma zai fita a bakin yaro. Ga 'yan ƙasa da shekara 3, 'yar tsanar da aka ɗinka wa ido da zare ta fi wadda aka liƙa wa na roba. A duba ɗinkin jikin kuma, in ya ɓarke audugar ciki ko ƙananan ƙwayoyin robar da aka cusa za su zubo. Abin roba mai tauri a sake shi daga tsayin ƙugu ya faɗi a kan siminti. In ya tsage ya fitar da kaifi, ya faɗi jarrabawa.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mana da hankali, kuma a nan za mu daɗe: ƙaramin batir mai kama da kwabo. Yana cikin katin gaisuwa mai waƙa, da takalmi mai walƙiya, da ƙaramar tocila, da agogon yara, da littafi mai magana, da kyandir na lantarki, da rimot na ƙananan motoci. Mafi haɗari shi ne na litiyom mai faɗin milimita 20, wanda ake rubuta wa CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Faɗinsa ya yi daidai da abin da zai maƙale a hanyar abincin ƙaramin yaro, bai wuce zuwa ciki ba, bai dawo ba.

Mutane suna zaton batirin fashewa yake yi ya zubo da guba. Ba haka ba ne. Da ya maƙale, yawu ya jiƙa fuskokinsa biyu, sai wuta ta fara gudana, ta riƙa mai da ruwan wurin wani sinadari mai cin nama irin na sodar da ake yin sabulu da ita. Cikin awa 2 naman zai iya ƙonewa sosai. In aka daɗe, yana iya huda hanyar abinci ya shiga ta numfashi, ko ya taɓa babbar jijiyar jini da ke kwance a kusa. Jinin na iya ɓallewa kwanaki, wani lokaci makonni, bayan an riga an ciro batirin, shi ya sa likitoci ba sa saurin sakin jiki da irin wannan yaro. Batirin da ya daina kunna abin wasa ma bai mutu ba. Sauran wutar da ke cikinsa ta isa ta yi ɓarna. In aka cusa shi a hanci ko kunne, irin wannan ƙunar yake yi.

Muguntar abin ita ce ba ya nuna kansa. Yaron zai riƙa dalalar da yawu, ko tari, ko amai, ko ya ƙi abinci, ko ya riƙa nuna wuya ko ƙirji, duk alamomin da uwa za ta ɗauka mura ce ko fitar haƙori. In ba wanda ya ga lokacin da ya haɗiye, sai a yi kwana ana ba shi maganin zazzaɓi. Hoton eksire ne ke nuna shi, kuma ma'aikatan asibiti suna bambanta shi da kwabo ta zobe biyu da ake gani a gefensa.

Saboda haka ƙa'idar teburin dubawa mai sauƙi ce. Duk abin da ke haske, ko ƙara, ko motsi, a juya shi a nemo gidan batirinsa. In murfin ba a ɗaure yake da sukuru ba, in farce kaɗai zai iya ɓalle shi, ba ya shiga kyautar yara. Kada a ce za a liƙe da salatif, yaro ya fi kowa iya ɓare salatif. In akwai sukuru, a ɗaure shi tamau, a girgiza abin, a sake shi ya faɗi a gani ko murfin zai buɗe. A Amurka sai da aka kafa doka a 2022, wadda ake kira dokar Reese, don tilasta wa masu ƙera kaya su kulle gidan irin wannan batir, amma kayan da ba su bi ta ba suna nan cike da kasuwannin duniya, musamman ƙananan tarkacen da ake sayarwa da araha a dami, irin waɗanda kwamiti ke so saboda suna cika jaka. Kada kuma a jefa batirin canji a cikin jakar yaro don kyautatawa. A miƙa wa babba hannu da hannu. Wanda aka cire kuma a naɗe fuskokinsa biyu da salatif kafin a kai shi inda ake zubarwa.

Muna so kowace jaka ta ɗauki 'yar takarda mai wannan bayani: in ana zaton yaro ya haɗiye batir, a tafi asibiti nan take, ko da yana wasa lafiya lau. Kada a sa shi amai, kada a ba shi abinci ko abin sha. Abu ɗaya aka yarda a ba shi a hanya, shi ne zuma, cokalin shayi 2, wato mililita 10, duk bayan minti 10, har sau 6, in yaron ya cika wata 12, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce awa 12 da haɗiyewar ba. Zumar tana lulluɓe batirin ta rage saurin ƙunar, ba ta warkarwa, kuma neman ta bai kamata ya jinkirta tafiya ko da minti ɗaya ba. Jaririn da bai kai shekara 1 ba ba a ba shi zuma sam, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai.

Maganaɗisu yana bin bayan batir a haɗari. Muna nufin ƙananan nan masu ƙarfin gaske, masu kama da ƙwayar gero ta azurfa, da kuma waɗanda aka ɓoye a cikin tubalan roba masu mannewa. Guda ɗaya in aka haɗiye yakan wuce. Biyu, ko ɗaya da wani ƙarfe, su ne matsala: kowanne yana wani lungu na hanji, sai su jawo juna, su matse naman da ke tsakaninsu har jini ya daina zuwa, wurin ya mutu ya huje. Aikin tiyata ke nan. A 2007 kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, wasu saboda maganaɗisun da ke ɓallewa daga jikinsu, wasu saboda dalma a fenti. In babban kamfani irin wannan zai iya kuskurewa, kaya marasa suna ba abin yarda ba ne. Tubalan maganaɗisu na gudummawa a duba gefensu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya tsage a jefar.

Da yake mun ambaci dalma: ba a gane ta da ido ko da ƙamshi, kuma babu adadinta da aka sani ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Dokar Amurka ta 2008 ta rage abin da aka yarda da shi a fentin kayan yara zuwa kashi 90 cikin miliyan. Kwamiti ba shi da na'urar gwaji, don haka abin da zai iya shi ne ya ƙi tsofaffin kayan wasa masu fenti da ba a san asalinsu ba, da masu ɓarewar fenti, da sarƙoƙi da zobban ƙarfe masu araha na yara, waɗanda ake yawan samun dalma a cikinsu kuma yara suna tsotsa. Alamar CE a kwali, mai nuna cewa kayan sun bi ƙa'idar Turai, tana da amfani, amma a san cewa mai ƙera kayan ne ke buga ta da kansa, kuma ana buga ta jabu. Kwalin da ba shi da sunan kamfani da adireshi, ba shi da gargaɗin shekaru, alamar da ke jikinsa ba ta da nauyi.

Akwai wasu ƙwayoyi masu launi da ake jiƙawa a ruwa su kumbura su zama kamar ƙwallayen jeli. A bushe ƙanana ne ƙwarai, a jiƙe suna ninka girmansu sau da yawa, kuma a cikin hanji ma haka suke yi, su toshe shi. Ba sa fitowa sosai a eksire, sai likita ya yi ta neman abin da ke damun yaron. Waɗanda suka zube a ƙasa suna bushewa su koma ƙanana, su ɓuya a kafet wata da watanni. Ra'ayinmu kada su shiga kowace jaka, ko ta ɗan shekara nawa ce.

Balan-balan za ta ba wasunku mamaki, tunda ita ce adon kowane biki. Tana cikin abubuwan wasan da suka fi kashe yara ta hanyar shaƙewa. Yaro yana ƙoƙarin hurawa sai ya ja numfashi ta shige, ko ya tauna guntun wadda ta fashe. Robar tana mannewa a hanyar numfashi ta bi siffarta, bugun baya ba ya fitar da ita da sauƙi, yatsa kuma yana ƙara tura ta. Gargaɗin da ake bugawa a ledarta na yara ne 'yan ƙasa da shekara 8. In za a yi ado da ita a wurin rabo, babba ya hura, a rataye sama, a sa mutum ɗaya aikinsa tsince gutsattsarin da ta fashe. Wadda ba a hura ba kada ta shiga jaka.

Igiya da zare: a kayan 'yan ƙasa da wata 18, ƙa'idar Turai ba ta yarda da igiyar da za ta iya zagaye wuya ta wuce santimita 22 ba. A auna, a yanke abin da ya ƙaru, a kwance duk wani ƙulli ko ɗan ƙwallo a ƙarshenta da zai iya sarƙewa ya yi zarge. Abin wasa mai ƙara a kunna shi a nesa da kunne kaɗan. In ya dami babba, ya fi ƙarfin yaron da zai manna shi a kunnensa. Keke ko sikuta ba a ba da su sai da hular kwano daidai kan yaron. Alawa mai tauri da gyaɗa ɗungurungum ba na 'yan ƙasa da shekara 4 ba ne. 'Yar tsana mai laushi kyauta ce mai kyau ga jariri, amma a rubuta a takardar cewa ba ta kwana da shi a shimfiɗa kafin ya cika shekara 1.

Sai naɗewa, inda ake yawan ɓata aikin da aka riga aka gyara. Kayan wasa suna zuwa daga masana'anta a ɗaure da wayoyi masu murɗawa, da ƙananan ƙusoshin roba, da jakar ƙwayoyin tsotse laima, da leda siririya. In aka naɗe kwalin yadda ya zo, duk wannan tarkace zai zube ne a tsakar ɗaki, a daidai lokacin da hankalin manya ya rabu, yara suna ihu, kowa yana ɗaukar hoto. Gara a buɗe tun a wurin kwamiti, a cire tarkacen, a haɗa abin da ke buƙatar haɗawa, a sa batir a ɗaure murfinsa, a gwada ko yana aiki, sannan a mayar cikin kwali. Haɗa keke mai ƙafa uku ko gidan 'yar tsana yana iya cin awa guda, kuma a nan ne ake gano sukurun da ya ɓace, tun akwai lokacin canzawa. Takardar bayanin kayan a bar ta ciki, domin a kanta lambar samfurin take in har aka janye shi daga kasuwa.

Leda siririya a ɗaure ta ƙulli a jefar nan take, tana manne wa jariri a fuska. Kyautar ƙananan yara ba ta buƙatar kirtani mai tsawo ko fulawar ribon. Takarda da salatif kaɗan sun isa, kuma ɗan shekara 2 ya fi jin daɗin takardar da zai iya yagewa da kansa. Jakar takarda ko ta yadi maras dogon zare ta fi ta leda. Kayan gudummawa na yadi a wanke su, a shanya su bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba za su yi fumfuna a cikin takarda. A rubuta shekarun da kyautar ta dace da su a waje, baƙaƙe manya, kusa da sunan, saboda a ranar rabo sunaye suna rikicewa kuma ana musanya.

Game da yawa kuwa, mun san kwamiti yana jin kunyar miƙa jaka maras nauyi, kuma wannan kunyar ce ke jawo a cika ta da tarkacen da muka lissafa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Toledo ta Amurka sun wallafa wani gwaji da suka yi da yara 36 'yan wata 18 zuwa 30. An ba kowane yaro damar wasa sau ɗaya da kaya 4, sau ɗaya da 16. Da kaya 4 yaran sun fi daɗewa a kan kowanne, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Gwajin ƙarami ne, amma duk malamin reno ya san abin da ya nuna. Abu biyu ko uku masu ƙwari sun wadatar: littafi mai kaurin shafi, manyan tubalan katako ko roba, kofuna masu shiga cikin juna, ƙwallon da ya fi dunƙulen hannun babba, fensirin kala masu kauri da aka rubuta ba su da guba, da takardar zane. Babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar batir. Kuɗin da za a sayi ƙananan abubuwa goma da shi zai sayi biyu daga cikin waɗannan.

Abin da muke nema a aikace shi ne kowane kwamiti ya ware mutum biyu don dubawa, ba waɗanda suka yi sayayyar ba, domin wanda ya sayo abu yana jin nauyin jefar da shi. A ba su tebur daban da kwalin gwaji, da tef na awo, da ƙaramar sukurudireba, da almakashi, da kwandon da za a zuba abin da aka ƙi. A ba su ikon ƙin kaya ko da shugaban ƙungiya ne ya kawo. Kayan da aka ƙi kada a ba masu aikin sa kai su tafi da su gida, su ma suna da ƙananan yara. A lalata su. A rufe karɓar gudummawa mako guda kafin rabo, saboda kayan da suka iso daren ƙarshe su ne ake naɗewa ba a duba ba. Takardar da ake aika wa masu ba da gudummawa ta faɗi tun farko abin da ba a karɓa, don kada a ɓata wa kowa rai daga baya. A ranar rabo kuma a tabbatar akwai aƙalla mutum ɗaya da ya koyi taimakon yaron da ya shaƙe: bugun baya 5 tsakanin kafaɗu, sannan matsar ciki 5 ga wanda ya wuce shekara 1, ko dannar ƙirji 5 ga jariri, ana maimaitawa yayin da wani ke kiran agaji.

Mun gode da kuka karanta. A gaishe mana da sauran mambobi.

Naku,
Wasu ma'aikatan jinya na ɓangaren yara da malaman makarantun reno